Matacciyar Ƙasar da Muka Raya

Tazart, 9 ga Rajab, 1409

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga Sha'ib ɗan Amar, limamin Tazart, zuwa ga 'yata Yamna, 'yar ɗan baffana marigayi Tuhami, a birnin Liyej. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina tambayar lafiyarki da ta mahaifiyarki, da yadda kuke fama da sanyin ƙasar Beljik. Ni gwiwoyina sun fara gardama da sujada, amma har yanzu ni nake rinjaye. Man zaitun ɗin da na haɗo miki na bishiyar kakarki ne.

Bayan haka, dalilin wannan takarda ba mai daɗi ba ne. Rijiyar masallaci ta lalace. Guga yana fitowa da ruwa garau, amma in an zuba a tulu kafin la'asar ya yi ja, washegari kuma a tarar da jan laka kwance a gindinsa kamar jinin yanka. An fi shekara ana haka. Tun da fari mata suka zo mini da tambaya, na duba abin da malamanmu suka rubuta: ruwa yana kan tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai sauya ba. Sai na yi musu fatawa su sha shi nan take tun yana garau, wanda ya jima ya yi ja kuwa a zubar.

Duk da haka cuta ta shigo. Tumaki suna ɓari. Tafin hannun mutane yana yin kanta mai tauri, har na tsofaffin da suka daɗe da ajiye fartanya. Baƙin ɗigo yana fitowa a ƙirji da baya, ga amai da gudawa. Makon jiya Zuliha, 'yar Allal mai shekara huɗu, ta rasu. Ni na yi mata sallah.

Kin tuna Haddu masunci na gidan kan tudu, kin kuma san abin da ke tsakanin gidansu da na su Allal tun kakanni: rai uku suka salwanta, ba a gama mancewa ba. Shekara uku da suka wuce, da muka raya jan filin nan na tarkacen tama da kamfanin Turawa ya bari a bakin teku, muka mai da shi lambun masallaci, Haddu ne kaɗai ya ƙi, don a nan yake shanya tarunsa. A gaban jama'a ya ce, "Ku shuka. Allah ya sa ku ci lafiya, in kun ga lafiyar." Ga shi gidansa ruwan sama suke sha daga ramin da ubansa ya gina, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Mutane suka haɗa wannan da wancan.

Ranar Alhamis a kasuwa Allal ya tsaya a gaban teburin kifinsa, ƙannensa biyu suna bayansa.

"Kai, mai ƙarnin sardin! Iyali lafiya ƙalau ko? Ba mai amai?"

"Lafiya lau. Allah ya jiƙan taka."

"Bakinka ya sake ambatonta, a ƙasa za ka tsinci haƙoranka."

"To me kake so, Allal? Kifi ko rigima? Rigimar kyauta ce."

Suka danne hannunsa na dama a kan teburin, Muhand, ƙaramin cikinsu, ya sauke masa ƙarfen ma'auni sau uku. Daga rumfar mai shayi na ji ƙarar ƙashin. Kafin in ratsa taron sun gangara bakin teku, sun zuba wa kwale-kwalensa kananzir sun kunna, rana tsaka, kasuwa tana kallo.

'Yata, an ce aikinki gwajin ruwa ne. Ga kwalba na cika ta daga bakin guga, na toshe, na ba direban motar da ke zuwa wajenku. Ki duba ki faɗa mini gaskiya: akwai guba a ciki? In babu, in tashi in wanke Haddu. Ki gaggauta, don zukata sun yi zafi.

Allah ya yi miki albarka. Wassalam.
Baffanki, Sha'ib

Liyej, 24 ga Rajab

Baffa, ina gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka, ta ce man ya tuna mata da gida har ta yi kuka. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya jiƙan Zuliha.

A tsaye nake rubutun nan don kada mota ta tashi ta bar shi. Akwai guba a ruwan, mai yawa, ta ninka abin da jikin mutum zai iya ɗauka sau da dama. Sunanta arsenik. Don ka gane irinta, ita ce ake sawa a tsohon maganin ɓera. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Don Allah, Baffa, a rufe rijiyar yau ɗin nan. Kada a sha, kada a dafa kuskus da shi, kada a ba dabba. Masu ɗigo a jiki a kai su asibiti a nuna wa likita wannan takarda.

Amma ban san daga inda ta fito ba tukuna, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai: kusan dukkan gubar a cikin jan lakan gindin kwalbar na same ta, ruwan saman kaɗan ya rage. Ka ba ni amsar waɗannan, kada ka raina su. Yaya kuka yi kuka raya jan filin? Me kuka zuba a kai? Ruwa yana kwanciya a wurin? Taku nawa ne daga lambun zuwa rijiyar, kuma wanne ne a sama?

Kafin in sake rubutowa, kada a ɗora wa kowa laifi.

'Yarka, Yamna

Tazart, 4 ga Sha'aban

Da sunan Allah, wanda rai da mutuwa suke hannunsa.

Zuwa ga 'yata Yamna. Gaisuwa gare ki da mahaifiyarki. Jikina lafiya, zuciyata ba lafiya.

Takardarki ta iso ranar Alhamis. Ɓoye gargaɗi irin wannan haramun ne a kaina, don haka bayan huɗubar Juma'a na karanta ta ga jama'a. Da na zo kan maganin ɓera, masallaci ya ɗauki guna-guni, saboda kowa ya san Haddu yana ajiye shi a ɗakin tarunsa. Na ɗaga murya na karanta layinki na ƙarshe har sau biyu. Ba wanda ya tsaya ji. Wasu ko takalmansu ba su ɗauka ba.

Haddu yana gida da karayarsa. Ɗansa Buziyan, wanda aka sa ranar aurensa bayan ƙaramar sallah, ya tare ƙofa da sandar tuƙin jirgi.

"Ku koma, ubana kwance yake!"

Muhand ya ce, "Matsa, ango, ba da kai muke ba. Ko kana so amarya ta yi takaba tun ba ta sa lalle ba?"

"Zo ka matsar da ni, ɗan gidan masu dukan mai hannu ɗaya."

Ya fasa kan mutum biyu kafin Muhand ya zagaya ta bayansa da lauje. A wuya ya sa masa. Na iso ina haki, na tarar da yaron a zaune jingine da bango, ya dafe wurin da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa, yana dubana kamar mai son yin tambaya. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ban sani ba ko ya ji. Ganin gawa ya sa taron ya ja baya, a nan ne Darifa matar Haddu ta fitar da mijinta ta bayan gida.

Ina komawa gida na sami Haddu da matarsa a ƙofata. Darifa ta jawo akuya, ta kayar da ita da gwiwa, ta yanka da hannunta har jinin ya wanke dokin ƙofar. Kin san ma'anar wannan a wurinmu: wanda aka yi wa haka ya hana mafaka, abin kunyar yana bin zuriyarsa. Shekara arba'in ina wa'azi cewa al'adar nan ba ta da tushe a shari'a. Ranar ban yi wa'azi ba, na buɗe ƙofa.

Jandarmomi sun zo sun tafi da Muhand. Amma ba za su tare a Tazart ba, kuma tafiyarsa ta ƙara wa wutar mai. Yanzu Haddu yana ɗakin littattafaina, mutanen Allal kuma suna zaune a gindin ɓauren da ke fuskantar ƙofata, suna karɓa-karɓa, da adduna a kan cinya. Suna gaishe ni in na fita sallah. Dattawa sun yanke irin hukuncin da: ranar Juma'a, ashirin da uku ga wata, Haddu ya kawo maza goma sha biyu daga danginsa su rantse a masallaci cewa ba shi da hannu. In ba su cika ba, Allal ya ce jinin akuya ba zai tare shi ba. Dangin Haddu sun tsere bayan dutse. Huɗu kawai muka samu.

Kina tambayata abin da muka zuba a fili, mutane suna mutuwa! Amma ga amsa, tunda kin ce kada in raina. Filin shekara hamsin yana nan busasshe, ja wur, ko ƙaya ba ta fitowa. Na yi fatawa cewa matacciyar ƙasa ta wanda ya raya ta ce, kuma raya ta lada ne, muka yi niyyar waƙafi ga masallaci. Muka yi gayya. Muka kwaso ciyawar teku da igiyar ruwa ke tarawa a gaɓa, kayan jaki ya fi ɗari uku, muka binne ta tare da hanjin kifi da kashin awaki, kamar yadda kakanninmu suke gyara ƙasa mai tsauri. Muka yi madatsa ta wajen teku, muka juyo da rafi, ruwa yana kwanciya a kai duk lokacin ruwan sama. Wake da dankalin da ke fita a wurin ba a taɓa ganin irinsu a Tazart ba. Lambun ne a sama, rijiyar taku saba'in a ƙasa.

Ki bar zancen lambu, ki gaya mini yadda ake gane hannun da ya zuba guba. Kwana goma sha tara suka rage.

Baffanki, Sha'ib

Liyej, 14 ga Sha'aban

Baffa, ina gaisuwa. Muna lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ni na rubuta kalmar maganin ɓera, don kawai ka gane. Allah ya yafe mini, ya jiƙan Buziyan.

Ka zauna kafin ka karanta sauran. Ba wanda ya zuba komai a rijiya.

Gubar tana cikin jan filin tun ranar da kamfanin ya zubar da tarkacensa, tare da tamar ta fito daga cikin dutse. Jan da kake gani tsatsar ƙarfe ce, ita kuwa tsatsa tana riƙe wannan guba gam, ba ta sakinta matuƙar ƙasar tana shan iska. Shi ya sa muka yi wasa a wurin muna yara, ba abin da ya same mu sai dukan ɓata tufafi. Amma in aka binne abin da ke ruɓewa, aka kuma rufe shi da ruwa, iska ta yanke. A nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cin ruɓaɓɓen abu, in suka rasa iska sai su koma kan tsatsar. Ta narke ta shiga ruwa ba launi, gubar da take riƙe da ita ta kuɓuce, su gangara tare ta ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiya. Da ruwan ya fito ya sha iska a tulu, ƙarfen ya sake zama tsatsa, ya sake cafke mafi yawan gubar ya kwanta da ita.

Baffa, ka yi haƙuri da ni. Ruwan da ya yi ja ya kwanta, aka tsiyaye samansa, shi ma ba abin sha ba ne, amma shi ne mai sauƙin. Wanda aka sha nan take yana garau, shi ne mai cikakkiyar guba.

In kana son shaida, ka haƙa rami kamu biyu a tsakiyar lambun. Ba za ka tarar da ja ba.

Yanzu ina roƙonka da girman Allah da zumuncin da ke tsakaninka da ubana. Ka ce musu gubar ta Turawa ce, daga tarkacensu ta fito. Wannan gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ba. Kada ka ambaci ciyawar teku, kada ka ambaci fatawa. Na san Allal, tare muka yi karatu a gabanka. Shekararka saba'in da ɗaya. Ba ka yi da nufi ba, ba kuma wani malami a duniya da zai san wannan daga littafinsa.

Na rubuta wa hukumar lafiya ta lardi, amma ba na jin za su iso kafin Juma'ar. Ka rubuto mini da zarar ka karanta.

'Yarka, Yamna

Tazart, 2 ga Ramadan

Da sunan Allah, Mai yawan gafara.

Zuwa ga 'yata Yamna. Barka da shigowar wata mai alfarma, ke da mahaifiyarki. Ki yi haƙuri da munin rubutu, da hagu nake yi, a hankali. Likita ya ce hannun dama zai haɗe, haƙarƙari biyu ma haka. Haƙora uku kuwa sun riga ni tafiya.

Takardarki ta iso ranar Alhamis, saura kwana ɗaya. Bayan la'asar na ɗauki fartanya na shiga lambun. Kamu ɗaya da rabi jan ya ƙare. Laka ce toka-toka, da baƙi-baƙi a ciki, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na daɗe a tsugune a bakin ramin.

Na auna shawararki, kuma na san ƙauna ce ta sa ki. Amma ki duba. In na ce gubar ta Turawa ce, Allal zai ce shekara hamsin tana nan ba ta kashe kowa ba, wa ya tashe ta? Ya koma kan Haddu. Maganar kwalba da halittun da ba a gani ba za ta tsayar da adda ba, sun riga sun ce Turai ta juya miki kai. Abu ɗaya ne mutanenmu ba su iya ƙaryatawa: mutum ya tsaya ya ba da shaida a kan kansa. Gaskiyar da aka gutsure don mai faɗinta ya tsira, alhali wani zai mutu a kanta, ban samu malamin da ya halatta ta ba, kuma na nema.

Ranar Juma'a masu rantsuwa huɗun nan suka zo, suka zauna a sahun baya suna kallon ƙasa. Bayan sallama na ce kada kowa ya rantse, jama'a su biyo ni. Muka gangara lambun. Na miƙa wa Allal fartanya.

"Haƙa nan."

"Liman, kabarin wa zan haƙa? In na mutuminka ne, bari in ɗauko shi tukuna, kada in yi gajere."

"Haƙa, ɗana."

Ya haƙa da fushi, ƙasa tana tashi. Da ya kai ga tokar ya tsaya, ya ɗebo a hannu ya sansana.

"Ina jan ya tafi?"

"Yana gindin tulunan gidajenku."

Na faɗa musu abin da kika rubuta, da kalmomin da za su gane, ban rage komai ba. Wani daga baya ya ce, "Yau kuma ciyawa ce ta yi kisa? Gobe sai a ce sardin ne ya ƙona jirgi!" Aka yi 'yar dariya. Allal bai yi ba. Yana kallon lakar da ke hannunsa.

"Wa ya ce a binne ciyawar?"

"Ni."

"Wa ya ce a tare ruwa a kai?"

"Ni na ce."

"Matata ta ce yarinyar ta fi son na tulu, don ya fi sanyi. Ni na mare ta, na ce liman ya hana. Wa ya ce a ba ta tun yana garau?"

"Ni ne, Allal. Ba Haddu ba. Haddu bai taɓa kusantar rijiyar ba."

Da ƙotar fartanyar ya fara. Na kare da hannu, hannun ya tafi. Na biyu a baki. Na faɗi cikin waken, laka ta cika mini ido, ina jin takalminsa a haƙarƙarina, yana kiran sunan 'yarsa da kowane shuri. Mutanen da na raɗa wa 'ya'yansu suna, na ɗaura wa aure, suna tsaye. Ban ga laifinsu ba, kowannensu yana da mai ɗigo a gida. Da ya juya fartanyar ta wajen ƙarfen ya ɗaga, na rufe ido na yi shahada. Saran bai sauko ba. Da na buɗe ido na gan shi zaune a cikin ramin da ya haƙa, ya kifa kai a gwiwa, yana wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Wani tsoho ya ce masa, "To Buziyan fa, Allal? Shi wa zai ɗauki alhakin jininsa?" 

An fasa madatsar a ranar. An rufe rijiyar da dutse, yanzu jakuna ke kawo ruwa daga idon da ke kan dutse, tafiyar sa'a biyu. Mutanen lafiya sun zo ranar Talata sun tafi da mutum tara. Limanci na ajiye shi, na ce su nemi wani. Jandarma ya same ni a gadon asibiti yana tambayar wanda ya yi mini haka, na ce magana ce tsakanina da wanda na yi wa laifi.

Ga abin da kike jira. Da aka ɗauko ni daga lambun a kan wani tsohon ƙyaure, gindin ɓauren ba kowa, sai kofunan shayi a ƙasa. Ƙofata a buɗe. Haddu ya fito, hannu rataye a wuya, ya rame, hasken rana yana kashe masa ido bayan kwana ashirin da ɗaya a ɗaki. Darifa tana gabansa za ta nuna masa kabarin, don bai san inda aka sa ɗansa ba. Muka haɗu a lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu. Masu ɗauke da ni, biyu daga cikinsu suna cikin waɗanda suka je ƙofarsa ran nan, suka tsaya cik. Ya dube su, ya dube ni.

Na ce, da abin da ya rage na bakina, "Haddu, ka yafe mini."

Ya ce, "Ku matsar da shi. Ku ba ni hanya, ɗana yana jirana."

Suka manna da bango, ya wuce ta tsakiyar gari, ta ƙofar gidan Allal, ba wanda ya ɗaga hannu.

Yana raye, Yamna. Bai yafe ba, kuma ba dole a kansa. Ki sa Zuliha da Buziyan a addu'arki ta buɗa baki, in kin ga dama ki ƙara da ni.

Amincin Allah ya tabbata gare ki.
Sha'ib ɗan Amar